Gangar da Ba a Cika Ta

Chavrenay, farkon Disamba

Maigidana Anselme,

Ina gaishe ka gaisuwa mai yawa, da fatan ka tashi lafiya. Yaya jikin? Yaya hannun daman, ya fara jin magana kuwa? Allah ya ƙara sauƙi, ya tashi kafaɗunka. Mu nan lafiya lau muke, sai kewarka da ta cika gidan.

Na koma ga takarda ne don waya ta gagare mu. In na kira, kai ka yi ta "me kika ce," ni in yi ta ihu har kare ya bar min kicin. In na zo ranar Lahadi kuma, ga maƙwabcin gadonka ya kafa mana kunne kamar aikin da aka ɗauke shi ke nan. Tun da shanyewar ɓarin jikin nan ta kwantar da kai a gidan jinya ban samu na yi maka hira irin tamu ba. To ga ta a rubuce, kuma a nan ba ka da damar katse ni.

Dusar ƙanƙara ta sauka a gonar kan tudu, amma an fara datse rassan inabi a ta ƙasa. Surukinka Gaëtan ne ke yi, shi kaɗai, daga safe har hannunsa ya daina riƙe almakashi. Na san za ka ce datsar mutanen yankinsu Burgundi ce, gajeriya kamar askin soja. Na je na duba da idona, irin taka yake yi. Ya daɗe yana kallon hannunka, kai ne ba ka taɓa kallon nasa ba.

Yanzu albishirinka. Firmin, ɗan garinmu mai gonar inabi, ya zo da saƙon kwamitin biki: bana gangar giyar gidanmu za a ɗauka a kafaɗa zuwa coci, a dawo da ita dandali a huda a gaban jama'a. Tun kana saurayi kake jiran wannan rana, na sani, ko da yake kullum sai ka taɓe baki ka ce bikin 'yan yawon buɗe ido ne. Rawayar nan, giyarmu da ba a cika gangarta sai a bar farar yana ta rufe samanta, ta shekarar can da sanyi ya ƙone gonaki, wadda ganga ɗaya tal muka samu, ita ce za ta cika shekara shida da ɗoriyarta a Fabrairu. Likita ya ce in ka dage da atisaye za a iya kawo ka a mota ka gani. Har na yi wa zakaran nan mai jan wuya alama. Zan dafa shi a cikin rawayar da madara mai kauri da busasshen naman-kazan daji da na tsinto a bazara, in ajiye tsohon cukun Comté a gefe. Mutanen gari su ci kifinsu da farar giyar chardonnay, mu a teburinmu abin da ya dace da ita za a ci.

Sai maganar da ta fi damuna. Cikin 'yarmu Noélie ya fito sosai, haihuwa sai Afrilu in Allah ya kai mu. Kawun Gaëtan ya sake aiko masa cewa ya koma Burgundi ya karɓi gonarsa, tunda shi ba shi da magaji. Ba daga bakin yaron na ji ba, 'yarka ce ta faɗa min tana wanke kwanuka. Ta ce mijinta ya shekara huɗu a gidan nan, amma har yau ubanta bai yarda ya san abin da ke cikin rabin gangunan ba, kamar ɗan ƙodago. Ta ce in bazara ta zo a haka, za su tafi. Anselme, 'ya ɗaya gare mu. Ba na son in riƙa shiga jirgin ƙasa don in ga jikana.

Don haka ka taimake ni da abu ɗaya. Masu ɗanɗano za su zo bayan sabuwar shekara su gwada gangar, kuma ba wanda ya san wace ce sai kai. Na tambaye ka ranar Lahadi ka ce min "ni na san ta." To mu ma muna son mu san ta. Ka faɗa wa yaron da bakinka, zai ji daɗi fiye da yadda kake zato.

Na saka maka safar ulu a cikin jakar wanki. Ka sa ta, kada ka ba maƙwabcinka.

Taka har kullum,
Solange

Chavrenay, bayan Kirsimeti

Baban Noélie,

Barka da shan sanyi, barka da Kirsimeti. Yaya ƙarfin jikin? An ce min ka taka daga gado zuwa taga da sanda, na yi ta godiya ga Allah. Ina roƙonka ka zauna kafin ka ci gaba da karanta wannan, kuma in ka ji kanka na sarawa ka ajiye ta ka kira mai jinya.

Ba zan yi ta kewaye-kewaye ba. Gangar bikin ta lalace. An cika ta.

Ga yadda abin ya faru. Ka san layin gangunan da ke jikin bangon arewa a ɗakin ƙasa, wanda kullum kake cewa a bar maka. Gaëtan ya bar maka shi tun ranar da aka ɗauke ka, bai ko taɓa toshiyar ganga ɗaya ba. Amma abin na cin sa. Kowa ya san chardonnay ce a layin, kuma a garinsu tun yaro na rarrafe ake koya masa cewa gangar da ta yi ƙasa cika ta ake yi kafin iska ta mai da ita ruwan tsami. Ya tambaye ni, ni kuwa na ce ya yi, ai rawaya duk tana ɗakin sama, haka ka sha gaya mana. Wannan kason nawa ne, na ɗauka.

Ya bi layin da butarsa, ga mura ta toshe masa hanci, ko barkono ba zai shaƙa ba, balle ƙanshin rawaya. Da ya zo ta ƙarshe a lungu ya tarar ta yi ƙasa ƙwarai, sai ya ɗauka yoyo take, hankalinsa ya tashi, ya jawo tiyo ya sake mata sabuwar chardonnay. Sai da ta kawo baki ya ga gutsattsarin yanar suna tasowa, fari-fari da toka-toka. Ya zagaya baya, ya tarar da ɗan famfon ɗanɗano irin na gangar rawaya a manne da bango, inda ido ba ya kai wa.

Ina fere dankali ya shigo kicin. Ban taɓa ganin fuskar mutum haka ba. Ya cire hula ya tsaya, ya ce, "Mama, na kashe rawayar Baba." Na ce ya zauna, ya ƙi. Na sauka na gani da idona. Yanar da ta shekara shida tana rufe da ita ta kece ta nutse, ga wata giyar ta shiga ciki. Ko da ta yi daɗi kamar zuma, ba mai ba ta sunan rawaya, ba ta shiga guntuwar kwalbarmu ta rawaya. Na zauna a kan matakala na yi kukana, ba na ɓoye maka.

Ya so ya taso nan take ya faɗa maka da bakinsa. Ni na hana, saboda likita ya ce a guje maka tashin hankali, kuma na fi kowa sanin yadda kake in abu ya zo maka ba shiri.

Yanzu ka saurare ni, tsohona. Sabo turken wawa, gaskiya ne, hannun yaron ya yi abin da ya saba. Amma wa ya kwantar da rawaya a tsakiyar chardonnay ba ko ɗigon alli a jikinta? Wa ya juya famfonta ga bango? Wa aka roƙa ya faɗa ya ce shi ya san ta? Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Ban faɗi haka don in ƙara maka ciwo ba. Na san abin da gangar nan take a wurinka, na tuna yadda ka tsinci inabin shekarar ɗaya-ɗaya kana magana da su. Zuciyata na tare da kai. Sai dai giya ce ta tafi, mutanenmu suna nan.

Zan zo ranar Lahadi. Ka huce kafin nan, ko ka huce a kaina, na saba.

Matarka mai ƙaunarka,
Solange

Chavrenay, tsakiyar Janairu

Anselme,

Ina gaishe ka, ina kuma tambayar jikinka, don fushi bai hana gaisuwa. An ce min kana cin abinci kaɗan-kaɗan, ka kuma ƙi zuwa atisaye. Wa kake horarwa da wannan, ni ko kanka?

Ranar Lahadin nan ba ta bar raina ba. Na yi tafiyar nan duka a cikin sanyi, ka juya min ƙeya ka fuskanci bango, har maƙwabcinka ya ji kunya ya fita. Da na tashi tafiya ne ka buɗe baki ka ce, "Ya koma inda ya fito." Na so in haɗiye maganar, amma Noélie ta tsare ni a ƙofa, kuma ban iya yi wa 'yata ƙarya ba. Ta ce, "Mama, ni ce 'yarsa ko gangar?" Ta fara haɗa kayan jariri a kwali, waɗanda na saƙa ma har da su. Gaëtan ya rubuta wa kawunsa cewa za su zo da zarar ya gama datsar gonakinka, don ya ce ba zai bar maka aiki rabi ba.

Bari in gaya maka abin da ba ka gani ba kana can kana kallon bango. Ni na ba shi shawarar mu ce wa kwamiti gangar ce ta yi tsami da kanta, ai yana faruwa, ba gidan da bai taɓa zubar da rawaya ba. Ya ce a'a. Ya sa rigarsa ta zuwa coci, ya je ya tsaya a gaban dattawan nan ya ce shi ya cika ta. Kafin la'asar labari ya gama gari. Yanzu gangar Firmin za a ɗauka, kuma ka san Firmin, bakinsa bai da linzami. A shagon burodi, ina tsaye, ya ce masa, "Ɗan Burgundi, in ka gama da gangunan surukinka ka leƙo gidana, rijiyata ma ta yi ƙasa." Aka kwashe da dariya. Yaron ya yi murmushi ya ce zai zo, amma sai ya yi mata alama da alli tukuna. Da muka fito, burodin ma ni na riƙe masa har gida.

Wannan shi ne wanda kake kora. Ka gaya min, in ya tafi wa zai hau gonar kan tudu? Ni da gwiwoyin nan? Ga savagnin ɗin bana, giyar da ake yin rawaya da ita, tana jira a tanki, lokacin kwantar da ita ya yi, kuma ba mai kwantar da rawaya sai wanda zai zauna ya yi jiranta. In ba a yi ba, kai ne na ƙarshe a gidan nan, daga kakanka zuwa kai an rufe.

Na ɗanɗana abin da ke cikin gangar. Ba rawaya ba ce, ba kuma chardonnay ba, amma ƙanshin bai gudu duka ba. Na ga ba dalilin da zai sa zakaran ya ci gaba da cin hatsina yana jiran bikin da ba namu ba, sai na yanka shi. Yana kan wuta yanzu, a cikinta.

Ranar Lahadi ba zan zo ba. Gwiwata na ciwo, wannan gaskiya ne, amma ba shi ne dalili ba. Gaëtan ne zai kawo maka wankinka da wannan takarda da tukunyar. Bai so ba, ni na tilasta shi. Na kuma roƙi mai jinya kada ta yanka maka naman. Hannunka bai riƙe wuƙa tukuna, saboda haka ko ka bari surukinka ya yanka maka, ko ka zauna kana shaƙar ƙanshi har ya huce. Zaɓi ya rage naka.

Ina sonka, mai taurin kai. Ban taɓa kwana ban yi maka addu'a ba, ko a wannan makon.

Solange

Chavrenay, farkon Fabrairu

Tsohona abin ƙaunata,

Gaisuwa da fatan alheri. Yaya jikin, yaya ƙafar? Mai jinya ta ce ka koma atisaye har kana yi wa masu koya maka faɗa wai suna da sanyin jiki. Da na ji haka na san mijina ya dawo.

An yi biki jiya. An ɗauki gangar Firmin, an huda, an tafa. Ba laifi rawayarsa, amma ba ta kama ƙafar taka ba, kuma ba don ina matarka na faɗa ba. Na tsaya a bayan mutane, abin ya sosa min rai, na dawo gida da wuri. Gara ka ji daga bakina.

Kai ba za ka ba ni labarin ranar Lahadin can ba, na sani, shi ya sa na tatse shi daga bakin yaron, da ƙyar kamar mai cire ƙaya. Ya ce ya tarar da kai kana fuskantar bango, ya gaishe ka ba ka amsa ba. Ya ajiye wanki, ya ba ka takardata, ka karanta ka yi tsaki. Ya buɗe tukunya ya zuba a faranti ya koma bakin ƙofa ya tsaya. Ya ce kun daɗe a haka, har maƙwabcinka ya ce in ba mai ci a miƙo masa. A nan ne wai ka ce, "Ɗan Burgundi, tsayuwar me kake yi? Zo ka yanka min naman nan kafin wannan ya cinye shi da ido."

Ya ce ka ci, ka sa burodi ka share romon. Sannan ka tambaye shi ko ɓarnarsa ce a ciki, ya ce ita ce. Ka ce a tukunya ba ta da laifi, amma in ya kuskura ya zuba wa wani a kofi da sunanka sai ka tashi da sandarka. Ya fara ba ka haƙuri, ka ɗaga masa hannun hagu ka ce ya bari, wanda ya ɓoye ganga shi ya fara cika ta. Anselme, shekarun da muka yi tare ban taɓa jin ka karɓi laifi a gaban mutum ba. Na ji haushi da ba na wurin.

Sauran kuma ya faɗa min yana kallon ƙasa. Wai ka sa ya jawo kujera, ka gaya masa dalilin da ya sa ka kwantar da ita a lungun: akwai 'yar kafar iska a ƙasan bangon, ɗakin sama ya yi wa giyar shekarar zafi, a can ne kaɗai yanar take kamawa da kauri. Ka bi masa gangunan ɗaya bayan ɗaya, wadda ke saurin kama yana da wadda sai an yi haƙuri da ita, har aka zo aka ce lokacin baƙi ya ƙare. Ya ce da ya kai ƙofa ka kira shi, ba da ɗan Burgundi ba. Ya ƙi gaya min da me ka kira shi, amma kunnuwansa sun yi ja, ni kuma ba yarinya ba ce, na san "ɗana" ka ce masa.

Noélie ta kwance kwalayen. Na dai shiga ɗakin na ga kayan jariri sun koma cikin durowa. An rubuta wa kawun an ba shi haƙuri. Ta ce in gaya maka har yanzu tana fushi da kai, kuma za ta zo ranar Lahadi ta gaya maka da kanta.

Yau da safe aka kwantar da savagnin ɗin bana a tsohuwar gangar mahaifinka, a lungun nan, kamar yadda ka ce. Na sauka tare da shi, tunda wai ka ba da umarni in tsaya a kansa in buge hannun in ya zarce. Na tsaya da ludayina. Ya riƙa zubawa a hankali, yana leƙawa, yana auna da ɗan yatsa. Da ya rage kamar tafin hannu ta kai baki, na ga kafaɗarsa ta ɗaure, butar na hannunsa da sauran giya a ciki. Duk abin da aka koya masa tun yana yaro yana ce masa ya ƙarasa. Ya tsaya haka, ya tsaya, sannan ya ajiye butar a ƙasa ya sa toshiya. Ban buge komai ba. Ya ce min, "Mama, ji nake kamar na bar ƙofar gida a buɗe." Na ce haka ubansa ma, wato kai, yake ji duk shekara, bai dai taɓa faɗa ba.

To, an rufe ta. Ba mai huda ta sai abin da ke cikin Noélie ya shiga makaranta. Ni da kai mun san shekarunmu, ba sai na yi maka lissafi ba. Yaron ya ce shi ba zai huda ta ba sai kana tsaye a gefensa, ko da za ta shekara goma. Ka ga ke nan ya ɗaure ka. Saboda haka ka ci abincinsu ko ba gishiri, ka yi atisayen, ka sha maganin ba tare da gardama ba. Shekara shida nake roƙo a wurinka, Anselme, da 'yar ɗoriyar.

Noélie da mijinta suna gaishe ka. Allah ya ba ka lafiya, ya dawo min da kai gida.

Taka, jiya da yau,
Solange